Injin huda mai waya ko mai batir: wanne ya dace da mai aikin katako na sha'awa?

Ɗan'uwa, ka ce a watan jiya ka sayi zarto da teburin aiki, yanzu kuma hankalinka ya koma kan injin huda, sai dai aljihu ba zai ɗauki biyu ba, shi ya sa kake neman shawara tsakanin mai waya da mai batir. Ka kuma bayyana cewa aikinka na ƙarshen mako ne: kantar littattafai, ƙananan kujeru, sai jefi-jefi ka huda bango ka rataye abin da ka haɗa. Ina da duka biyun, kuma a ganina mai batir ne ya dace da kai, amma bari in jera su gefe da gefe don ka ga dalili da kuma inda yake gazawa.

Mutane sukan fara da tambayar wanne ya fi ƙarfi, alhali a aikin katako ba ƙarfi ne ke wahalar da mutum ba, iya sarrafa shi ne. Mai haɗa kanta yakan ɗaura sukuru fiye da yadda yake huda rami, kuma a nan ne bambancin yake. Kusan kowane injin mai batir yana da zobe mai lambobi a bayan bakinsa, wato kuloci, wanda ke sakin juyawa da zarar sukurun ya kai taurin da ka zaɓa. Za ka ji yana ƙarar kar-kar-kar, alamar cewa ya isa. Yana kuma da giya biyu: ta farko mai tafiya a hankali, wajen juyi 400 zuwa 500 a minti ɗaya, ta biyu kuma mai sauri domin huda. Mai waya irin wanda aka saba gani ba shi da kuloci, giyarsa ɗaya ce, kuma yana iya kaiwa juyi 2,800 ko 3,000 a minti. Lokacin da nake da shi kaɗai, na taɓa ɗaura sukurun ƙarshe a gefen wata ƙaramar kanta ta katako mai laushi, yatsana ya ɗan ƙara danna kunamar, kafin in ɗaga sukurun ya nutse har kansa ya ɓace, katakon ya tsage tsawon taƙi guda. Aikin yini biyu ya koma sai da gam da matsewa.

Inda mai waya ya yi wa ɗan'uwansa fintinkau shi ne juriya, kuma lissafin ba shi da wuya. Batir mai ɗauke da rubutun 18V da 2.0Ah yana riƙe da wutar da za ta ba da wat 36 na tsawon awa ɗaya, domin ana ninka lambobin biyu ne. Injin mai waya na gida yakan ja wat 500 zuwa 800. Da za a ja wat 500 daga wancan batir babu tsayawa, da ya ƙare cikin minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ya sa ba ma lura shi ne huda katako aiki ne na daƙiƙa biyar a huta, sannan ba ya cin wuta sosai, don haka caji ɗaya yakan kai mutum yini. Amma ranar da za ka yi ramuka masu faɗi da yawa a katako mai tauri, ko ka goge tsatsa da burushin waya, ko ka dama fenti, mai batir zai ɗau zafi ya sare, mai waya kuwa yana nan daram muddin akwai wuta a soket. Haka nan bai san tsufan batir ba. In ka ajiye shi shekara biyar, ranar da ka jona shi zai tashi, abin da yakan buƙata bai wuce canjin burushin kabon da ke cikin motarsa ba idan ya cinye.

Wannan batu na batir shi ne ya fi cancantar ka yi masa dogon nazari. Injin huda mara waya ba sabon abu ba ne, tun 1961 kamfanin Black & Decker ya fito da shi, amma sai wajen 2005 ne kamfanoni irin su Makita da Milwaukee suka koma batirin litiyom. Matsalar ita ce kusan kowane kamfani da irin mazaunin batirinsa: na Makita ba ya shiga injin DeWalt, na DeWalt ba ya shiga na Bosch. Saboda haka ranar da ka sayi na farko, kusan ka zaɓi gidan da za ka riƙa sayen zarton lantarki da injin goge katako nan gaba ke nan. Na koyi wannan da wani injin da ban san asalinsa ba, wanda lafiyarsa ƙalau har yau, amma batirinsa ya mutu kuma an daina yin irinsa, ga shi can a ƙasan akwati. Kada kuma rubutun 20V ya ruɗe ka ka ɗauka ya fi 18V: ƙananan batura biyar ne a jere a cikin kowannensu, wani kamfani ya rubuta ƙarfinsu lokacin da suka cika da caji, wani kuma ya rubuta na lokacin aiki. Batirin litiyom ba ya son zafi, ba ya kuma son a bar shi fanko tsawon watanni, don haka mai aikin ƙarshen mako ya ajiye shi a inuwa da kimanin rabin caji.

Maganar bango ba ta raba gardama, domin a kowane ɓangare akwai mai yanayin duka, wanda ake zana masa hoton guduma, kuma ya isa ya huda bulo. Kankare mai tauri kuwa duka biyun wahala suke sha, aikin babban injin duka ne mai baki irin na SDS, wato bakin da tsinken huda ke shiga ya kulle da kansa, kuma wanda zai yi rami huɗu a shekara gara ya ara.

Idan ka je saye, ka nemi na 18V mai bakin da ke riƙe tsinke har milimita 13, ba 10 ba, mai giya biyu da yanayin duka, tare da batir biyu domin ɗaya yana caji ɗaya yana aiki. Batir biyu na 2.0Ah sun fi maka amfani a kan ɗaya na 5.0Ah, saboda nauyin babban yakan gajiyar da wuyan hannu idan kana aiki sama da kafaɗa. Ka riƙe shi a hannunka da batirin a jiki kafin ka biya, ka danna kunamar a hankali ka ga ko yana iya farawa sannu-sannu ba tare da fizga ba.