Shagon haɗa wa 'yan mazan jiya takardun neman haƙƙin nakasa

A bayan PZ, Sabon Garin Zariya, akwai ɗan shago mai kwamfuta biyu da injin kwafi, wani tsohon akawun soja ne ke riƙe da shi. Sana'arsa haɗa fayil ga waɗanda suka nakasa a bakin aiki. Garin da ake horar da kuratan soja a Depo tun 1924, ga barikin Basawa, ba ya rasa masu wannan buƙata.

Wajen tsara takardu kam ya iya. Kafin ya buga komai sai ya shimfiɗa takardar sallama, katin NIN da bayanan BVN a tebur, yana bin suna da yatsa harafi-harafi. Nan fayil ke yawan maƙalewa: Mohammed a takardar soja, Muhammadu a banki, ko shekarar haihuwa ta saɓa. Da ya ga haka zai ce, "Baba, a fara zuwa kotu a yi takardar rantsuwa." Kowace takarda kwafi uku yake yi, ya rubuta lambar soja a saman kowane shafi, don ko fayil ya warwatse a hanyar Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja a gane mai shi.

Ya kuma san inda gizo ke saƙar. Rahoton asibitin koyarwa na Shika yana tabbatar da ciwo, amma ba ya nuna cewa a aikin soja aka same shi. Wannan sai bayanin asibitin bariki ko na asibitin soja na 44 da ke Kaduna, mai ɗauke da rana da bataliya, da hukuncin kwamitin likitocin soja. Mai tabon harsashi hujjarsa na jikinsa. Wanda ƙarar bindiga ta kashe wa kunne, ko mai firgita cikin barci, shi ke shan wuya, domin ciwon kan bayyana ne bayan an tuɓe kaki.

Inda ya gaza shi ne wasiƙar neman a sake duba hukunci in an ƙi biyan mutum. Guda ɗaya ce a kwamfutarsa, suna kawai yake sauyawa, kuma duk magiya ce da lissafin 'ya'ya. Wasiƙar kirki tana ambata dalilin da aka bayar na ƙin biya, ta amsa shi da sabuwar hujja. Kada kuma a yarda yaron shagon ya manne takardar asali cikin leda, hatimi ba ya hawa kanta.

Ƙofar shagon tana da matakala uku ba abin dafawa. Mai sanda ko keke ya zo da ɗan rakiya.