Shagon da ke buga mini littattafan soyayya a Ali Ɗan Sofo

Ƴan uwa marubuta sun dame ni da tambaya a WhatsApp: ina nake kai rubutuna a buga mini, tunda ba da waya nake rubutu ba? Wani ƙaramin shagon buga takardu ne a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maraɗi a Nijar, ba nisa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ɗaki ɗaya ne da rumfa a gaba, kwamfuta uku, injin fotokofi, benci biyu. Na gamsu da aikinsu, ina ma tura mutane can, amma akwai abin da ya kamata ki sani kafin ki hau kabu-kabu ki tafi.

Ni a kaye nake rubutu, irin na ƴan lakwal mai shafi 200, da bik shuɗi. Lokacina bayan isha'i ne, in yara sun kwanta an kife kwanuka, sai kuma bayan asuba kafin a hura wuta. Labari ba ya zuwa mini a jere. Sau da yawa ranar rabuwa nake fara rubutawa tun ban san inda masoyan suka haɗu ba, daga baya in dawo in nemo musu hanya. Magana kuwa tsintarta nake, a gidan biki, a layin awon ciki, a babbar kasuwa wurin masu atamfa inda mata ke sakin baki suna taya kaya. In na ji wadda ta ratsa ni, sai in rubuta a bayan kowace takarda ke cikin jakata, in na koma gida in manna ta a shafin da ta dace. Don haka kayena cike yake da kibau, da lambobi, da “koma shafi na 41”, da guntayen takardu masu maiƙon ƙuli-ƙuli. Wanda zai buga mini dole ya iya bin sawu.

Ɗiyar da ke zaune a kwamfutar ƙurya ta iya. Saboda ita nake zuwa shagon, gara in faɗa tun yanzu. Lakwal ɗin Faransanci ta yi kamar mu duka, amma Hausar boko a littattafan Kano ta koye ta, waɗanda yayyenta ke ɗaukowa haya su ɓoye a ƙarƙashin katifa. Duk wanda ya taɓa kai rubutun Hausa shagunan garin nan ya san ciwon. Hannun masu bugawa ya saba da Faransanci, sai ka ga “ou” a wurin u, “tch” a wurin c, “dj” a wurin j, ƙugiyar haruffa kuwa babu labarinta, domin allon bugawar Faransa bai zo da ita ba. Mai karatu a Kano ko Kaduna ba zai wuce shafi biyu ba zai ajiye. Ita ta saka ƙ, ɓ, ɗ da ƴ a kwamfutarta, kuma ba ta tsallake ko ɗaya. Raba kalma da haɗe ta, wanda ke kayar da manyan marubuta, ta riƙe shi daram.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta gyara mini bakin mutanena. A littafina na baya akwai wata tsohuwa ƴar Tibiri, kakar amarya, da Gobiranci take magana tun daga farko har ƙarshe, don da shi nake jin muryarta. Wani shago da na taɓa kai wa aiki sun mayar da ita Bakanuwa, suna ganin taimakona suka yi, tsohuwar ta mutu a kan takarda ta bar ni da wata baƙuwa. Wannan ɗiya in ta iske abin da ba ta gane ba, ja take sa masa, ta kira ni. “Yaya, layi na uku a shafi na 58, hannunki ya gudu. Karanta mini.” In karanta, ta buga, shi ke nan. Ba ta taɓa cike gurbi da tunaninta ba.

Sai zancen amana, wanda shi ne jarin wannan sana'a yanzu. Tun shekarun 1980 da littattafan soyayya suka ɓarke a Kano, a takarda suke zo mana, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, kashi na 1, na 2, na 3, masu tebur su sayar ko su ba da haya. Yau kasuwar ta koma cikin waya. Marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane ta buɗe zauren masu biya. Nawa masu karatun na nan gida ta Nita ko Amana suke turowa, wasu da katin waya; na Najeriya kuma ta asusun wani ɗan uwana a Katsina. Kuɗin ba yawa gare su ba, amma su ke saya mini kaye da sabulu har in taimaka da kuɗin lakwal ɗin yara. To, babi ɗaya in ya fita kafin lokacinsa, kafin gari ya waye ya zaga zauruka, an cire sunanki an sa na wata. Na ga an yi wa marubuta haka, na ga wadda ta ajiye alƙalami saboda baƙin ciki.

A shagon nan ba a ajiye rubutuna a kwamfutar da ɗalibai ke taɓawa. Kan ƙaramin kile ɗina na USB ake aiki, in an gama a goge sauran a gabana. Kayen kuma a durowar mai shagon yake kwana, makulli a aljihunsa. Ranar farko ya ce mini, “Malama, abin da ya shigo durowar nan, ko matata ba ta ganinsa.” Har yau ban ga layi ɗaya nawa a waje ba kafin ni in sake shi. Ita kanta ɗiyar, da ke sanin ƙarshen labari kafin kowa, ƙawayenta na cikin zaurena suna lallashinta ta faɗa musu wa jarumar za ta aura, ba ta taɓa buɗe baki ba.

Wuta: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, iyaka kuma ta kasance a rufe har Maris na 2024. Takarda da tawada suka yi tsada, shaguna da yawa suka zauna zaman jira. A lokacin ne Alhaji mai shagon ya sa sola da batir. Suna ɗaukar kwamfutoci, ba sa ɗaukar injin fotokofi. Don haka ko an ɗauke kuran bugu ba ya tsayawa, amma fitar da takarda sai an kawo.

Kuɗinsu sefa 200 ne shafin bugu, fotokofi 25. In kaye guda kika kawo ana yi miki ragi. Bashi dai babu, ko ke wace ce.

Inda suka gaza ba zan rufe ba. Lokacin da ɗaliban jami'a ke shirin kare kundinsu, shagon ba ya shiguwa. Aikinsu na gaggawa ne kuma ya fi kawo kuɗi, sai a janye ɗiyar daga Hausa a ɗora ta kan Faransanci, kayenki ya yi ta kwana a durowa, masu karatu suna ta aiko miki da “Anti shiru”. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin mai biya ba ta san da wani kundi ba, alkawari ta sani. Wurin zama ma babu na mata. Matar aure za ta tsaya a rumfa cikin samari, ga rana. Ɗaurin littafinsu na roba ne irin na kundin ɗalibai, bai dace da littafin sayarwa ba, wadda ke son na takarda sosai har yanzu Kano za ta nufa. Bango kuwa kada ki ba su. Yaron da ke yi hotunan ƴan fim ɗin Indiya yake kwasowa daga intanet ya liƙa suna a kai, alhali jarumata ƴar unguwar Bagalam ce mai tallan fura.

Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, masu kawo aikin Hausa sun ƙaru a shagon, masu waƙa da masu wa'azi da ƴan wasan kwaikwayo na rediyo, duk kuma hannu ɗaya ke bugawa. Na roƙi Alhaji ya ɗauki wata ɗiyar ta koya a wurinta tun ba a yi mata aure ta tafi ba, ya ce yana dubawa. Kafin nan, ki je da safe kafin ƙarfe 9, ki tafi da kile ɗinki sabo, ki sa wa kowane shafi lamba, kuma ki ce a ba mai kwamfutar ƙurya.