PHPMailer bayan shekara biyu ina aika rasit da hoton ɗalibai da shi

Shekara biyu kenan ina aiki da PHPMailer, wato wani shiryayyen kod na PHP da ake aika imel da shi, a wani fotal da na haɗa wa wata makaranta mai zaman kanta a nan Zariya, kuma gaskiya ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi. Aikin fotal ɗin ba wani mai wahala ba ne a baki: in uba ya biya kuɗin makaranta rasit ya tafi imel ɗinsa, in sakamakon jarrabawa ya fito a sanar da shi, sannan a farkon zango a tura masa katin shaidar yaronsa da hoton fasfo a jiki. Shikenan. Amma duk wanda ya taɓa yin irin wannan a kan hostin mai araha irin wanda ake raba saba ɗaya tsakanin mutane da yawa ya san ba shikenan ba ne.

Da farko mail() na PHP nake amfani da shi, layi ɗaya ka gama. Matsalarsa ita ce in ya dawo maka da true ba wai saƙon ya isa ba ne, kawai sabar ta karɓa a hannunka, abin da ya faru bayan nan kai da shi duk ba ku sani ba. Shugaban makarantar ya kira ni wata ranar Litinin da safe ya ce Malam iyaye suna ta zuwa ofis wai ba su ga rasit ba, na duba komai lafiya lau a ɓangarena, ashe kamfanin hostin da muke haya a wajensu sun taƙaita mail() ɗin ba tare da sun sanar da kowa ba, wanda ma ya samu ya fita yana faɗawa akwatin tarkace. Daga ranar na koma PHPMailer.

Abin ba sabo ba ne fa. Brent Matzelle ne ya fara rubuta shi a 2001, yanzu Marcus Bointon ne ke kula da shi a GitHub, kyauta ne a ƙarƙashin lasisin LGPL, kuma in kana da shafin WordPress to kana amfani da shi ko ba ka sani ba, domin wp_mail a kansa yake zaune. Wannan ya kwantar min da hankali sosai, abin da miliyoyin shafuka suka jingina da shi ba zai mutu dare ɗaya ya bar ni da makaranta a hannu ba.

Sakawa ba wuya. In kana da Composer, manhajar da ke sauko maka da irin waɗannan kod ɗin na PHP, umarni ɗaya ne, composer require phpmailer/phpmailer. In kuma irin hostin ɗina ne da babu SSH, wato hanyar ba sabar umarni daga nesa, sai ka sauke shi ka ɗauko fayil uku daga foldar src, wato PHPMailer.php da SMTP.php da Exception.php, ka ɗora ta cPanel ka kira su da require. A nan ne nake roƙon ƴan uwa masu koyo, don Allah ku kula da tsoffin bidiyoyin YouTube, da yawansu suna nuna PHPMailerAutoload.php wanda na zubin 5.2 ne, an cire shi tun da 6.0 ya fito a 2017. Kuma ba maganar tsufa kawai ba ce, a Disambar 2016 wani mai binciken tsaro Dawid Golunski ya bankaɗo wata kafa a tsoffin zubin da za ta iya ba ɗan kutse damar gudanar da umarni a sabarka ta hanyar adireshin mai aikawa. An toshe ta tuntuni, amma wanda ya sauko da tsohon zip daga wani wajen da bai sani ba to kafar ya sauko da ita.

Abin da ya fi burge ni a satin farko shi ne SMTPDebug. Ka sa shi 2 sai ya zubo maka duk hirar da ake yi tsakanin kod ɗinka da sabar imel, layi bayan layi, ka ga inda aka gaisa, inda aka nemi kalmar sirri, inda aka ƙi ka. Bayan wata da watanni ina lalube cikin duhu da mail(), wannan wallahi kamar an kunna fitila ne. Da shi na gane ƙofar aika imel (port) mai lamba 25 a rufe take, na koma 587 da STARTTLS abu ya tafi, wasu wuraren 465 ce ke yi. Sai dai ka tuna ka mayar da shi 0 kafin iyaye su fara shiga, in ba haka ba duk wannan hirar a fuskar shafin za ta fito musu.

Masu son bi ta Gmail, tun 30 ga Mayun 2022 Google ya daina yarda ka shiga da kalmar sirrinka ta yau da kullum daga irin wannan kod ɗin, sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu ka ciro kalmar sirri ta manhaja mai harufa 16. Kuma asusun kyauta saƙo 500 ne iyakarsa a rana, ranar sakamako wannan ba zai ishi makaranta mai ɗalibai da yawa ba. Ni dai daga baya na koma imel na sunan yankin makarantar, na saita SPF da DKIM, hanyoyin tabbatar da cewa saƙon daga gare ka ya fito, musamman da yake daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo sun ƙara tsaurara wa saƙon da ba a tantance asalinsa ba. PHPMailer yana iya sa hannun DKIM da kansa in ka ba shi mabuɗin, amma ni na bar wa sabar imel ɗin ta yi.

To ga abin da bai min daɗi ba kuma ya shafe mu Hausawa kai tsaye. Tsarin harufan da yake zuwa da shi iso-8859-1 ne, wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba. In ka rubuta kuɗi sai ya isa wajen mutum a matsayin kuÉ—i, Ƙofar Doka kuwa ba a magana. Gyaran layi ɗaya ne, $mail->CharSet = 'UTF-8', amma sai ka san da shi, kuma a zamanin nan da kusan komai ya koma UTF-8 ni a ganina da shi ya kamata ya zo. Na fahimci dai suna tsoron karya wa tsoffin masu amfani aiki ne. Haka ma a rumbun bayanai, ka tabbata teburinka utf8mb4 ne kuma ka sa charset=utf8mb4 a wajen haɗin PDO, in ba haka ba sunan yaro tun a ajiya zai lalace kafin ma a zo maganar aikawa. Uba ya ga an rubuta sunan ɗansa da wasu alamomi kamar an zubar da tawada, ba zai ce matsalar harufa ba ce, cewa zai yi makarantar ba ta san aikinta ba.

Yanzu maganar hotuna, wadda ita ce ta sa na ƙara son abin.

Na san ana ta gardama ko a ajiye hoto a cikin rumbun bayanai na MySQL ko a folda a rubuta hanyarsa kawai a tebur, kuma yawancin manya folda suke cewa. Ni hoton fasfo a cikin rumbun na sa shi, kuma ga dalilina. Na ɗaya, in na ɗauki kwafin ajiya fayil ɗaya ne ya kwashe sunaye da maki da hotuna gaba ɗaya, ba zan wayi gari tebur yana nuna hoton da babu shi a folda ba. Na biyu, hoton ƴaƴan mutane ne, ba na so ya zauna a wata folda da duk wanda ya canki adireshin zai buɗe, a rumbu kuwa dole sai ka bi ta kod ɗina ya duba waye kai. Sannan foldar da jama'a ke ɗora abu a ciki ita ce ƙofar da ake bi a cusa fayil ɗin PHP da sunan hoto.

Amma fa sai da na sha wuya kafin abin ya zauna. BLOB zalla, wato nau'in gurbin da ake ajiye irin wannan fayil a teburin MySQL, bayit 65,535 kawai yake ɗauka, kusan 64KB, hoton waya kuwa yana kai 3MB ko 4MB cikin sauƙi, sai ka ga Data too long for column, in kuma sabar ba a tsarin tsauri take ba ta datse hoton shiru ta ajiye rabi, ka buɗe ka ga goshin yaro sauran duk toka. MEDIUMBLOB ne daidai, shi yana kai 16MB, LONGBLOB mai 4GB ba ka buƙatarsa. Kafin ma a kai nan akwai upload_max_filesize na PHP da yake zuwa a 2M, da max_allowed_packet na MySQL wanda a 5.7 4MB ne, a 8.0 aka ɗaga shi 64MB, kuma a hostin na haɗaka wannan na biyun ba a hannunka yake ba. Maganin duka ɗaya ne, ka rage hoton kafin ka ajiye. Ina duba ainihin nau'in fayil ɗin da finfo ba wai in yarda da sunansa ba, in rage shi da GD, kayan aikin sarrafa hoto na PHP, zuwa fiksel 300 da 400, in fitar da shi JPEG, sai ya dawo ƴan KB kaɗan da ba su dami kowa ba. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, GD ba ya kallon bayanin EXIF da waya ke sakawa na yadda aka riƙe ta, shi ya sa wasu yaran suka riƙa fitowa a kwance, sai da na haɗa exif_read_data da imagerotate. Kuma hotunan teburinsu daban, don kar duk lokacin da malama ta buɗe jerin ajinta a jawo hotuna arba'in a banza da datar ta.

To a nan PHPMailer ya nuna min kansa. Yana da addStringAttachment, ka ɗauko hoton daga rumbu ka miƙa masa yadda yake, ba sai ka fara rubuta shi a wani fayil na wucin gadi ba sannan ka tuna ka goge. In kuma so kake hoton ya fito a cikin jikin saƙon kamar kati, akwai addStringEmbeddedImage, ka ba shi hoton da wani suna, a HTML ɗin ka kira shi da cid: da sunan. Na fara gwada cusa hoton da base64 kai tsaye a cikin img, a burauza ya yi kyau amma Gmail ba ya nuna irin wannan, da cid kuwa ya fito tsaf a waya da kwamfuta. Ka dai sani duk abin da aka liƙa a imel yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa saboda yadda ake naɗe shi, wani dalilin kenan na rage hoto.

Hotunan bikin yaye ɗalibai da na wasannin makaranta kuwa ban sa su a rumbu ba kuma ba zan ba kowa shawara ya sa ba, waɗannan folda ce wajensu. Ka gwada ɗora kwafin ajiya mai ɗaruruwan MB ta phpMyAdmin da netwok ɗinmu za ka gane.

Babban giɓin PHPMailer a wajena shi ne ba shi da layin jira. Ka kira send() sai ya tsaya nan take ya haɗu da sabar imel ya gama aikawa kafin shafin ya motsa, saƙo ɗaya ba komai, amma ranar da aka danna a tura wa iyaye duka sai daƙiƙa 30 ɗin da PHP ke ba shafi ta ƙare a tsakiya, ba ka san wa ya samu wa bai samu ba. Dole da kanka za ka gina. Ni tebur na yi, duk saƙon da za a tura a fara rubuta shi a ciki da alamar bai tafi ba, sai cron, wato aikin da sabar ke gudanarwa da kanta a kan lokacin da ka saita, ya tashi duk minti biyar ya ɗauki ashirin ya tura ya canza alamar, wanda ya gaza a rubuta dalilin daga ErrorInfo a sake gwadawa. Na kunna SMTPKeepAlive don kar a riƙa sabuwar gaisuwa da saba a kowane saƙo. Kuma wannan ku riƙe shi da kyau, a cikin zagayen bayan kowane saƙo sai ka kira clearAddresses() da clearAttachments(), domin ba ya share su da kansa, in ka manta uba na biyu zai samu hoton ɗan uba na farko, na uku ya samu na mutum biyu. Alhamdulillahi ni a gwaji da adireshina na kama wannan, amma jikina ya yi sanyi da na tuna a ce sakamakon jarrabawa ne ya tafi haka.

Wani zai ce ai iyayenmu WhatsApp suke dubawa ba imel ba, kuma gaskiya ne, da yawa sai ranar da ake gardamar biya suke buɗewa. Amma a ranar ne fa rasit ɗin ke amfani, yana nan da kwanan wata ba a goge shi don waya ta cika ba.

In aikinka Laravel ne ko Symfony ba ka buƙatar PHPMailer, suna da nasu hanyar aikawa har da layin jiran. Amma mai rubuta PHP zalla a kan cPanel, fotal ɗin makaranta ko asibiti ko ƙungiya, ni shi zan ce ya ɗauka ba tare da dogon tunani ba, a cikin biyar ina ba shi huɗu, ɗayan na cire ne saboda maganar harufanmu da rashin layin jira. Akwai kuma abu ɗaya da har yanzu ban gama da shi ba, send() ya yi nasara yana nufin sabar imel ta karɓa ne kawai, in adireshin uban kuskure ne saƙon zai dawo daga baya cikin akwatin makaranta kuma PHPMailer aikawa kawai ya sani, ba ya karanta abin da ya dawo. Don haka duk ranar Juma'a da safe ina buɗe akwatin in tattara waɗanda suka dawo in tura wa sakataren makarantar ya kira iyayen a gyara adireshin, yawanci gmail.con ne aka rubuta a fom maimakon gmail.com.