Daren da asibitin Ingila ya ƙi gaya mini halin da ɗiyata take ciki

Shekara takwas ke nan da na bar Sakkwato na zauna a Bamingham tare da iyalina, amma ban taɓa jin ɗacin baƙunta ba kamar yadda na ji shi a wani daren Alhamis na ƙarshen watan Satumba. Ɗiyata ta fari, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyata gare ta, tana karatu a jami'a a Niyukasil, tafiyar kusan awa huɗu a mota daga inda muke. Mun je gida hutu a watan Agusta, ana tsakiyar damina, mun yi mako uku a Mabera, sannan ta koma makaranta lafiya lau. Bayan sallar isha'i sai ga wayar ƙawarta, tana cewa motar asibiti ta tafi da Ummi, jikinta ya yi zafi rau, tana amai, tana kukan ciwon kai da wuya. Duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato ya san abin da zuciya take rayawa idan zazzaɓi ya haɗu da ciwon wuya, domin annobar sanƙarau ta 1996 da ta 2017 ba su bar mana wurin mantuwa ba.

Wayar Ummi a kashe take, don haka na kira asibitin. Matar da ta ɗauka ta nemi cikakken sunan maras lafiya da ranar haihuwarta, ni kuwa na furta sunan nan da bakina bai saba furtawa ba, na gaya mata cewa ni ne mahaifinta. Cikin ladabi da sanyin murya ta amsa mini cewa yarinyar shekararta 19, a wurinsu babbar mace ce, kuma ba za su bayyana wa kowa ciwonta ba sai da yardarta, balle ta waya da ba su ga mai magana ba. Na sake cewa ni na haife ta, ni nake ciyar da ita, ta sake maimaita mini amsarta ba ƙari ba ragi, sai dai ta ce likitoci suna kanta kuma za ta isar da saƙona. Na ajiye wayar hannuna yana rawa, mahaifiyarta tana tsaye a kaina tana jiran labari, ba ni da abin da zan gaya mata. Wallahi da zagina matar ta yi, da ya fi mini sauƙi.

A daren muka kama hanya. Ina tuƙi ina tuna yadda abin zai kasance da a gida ne: kafin in kai ƙofar asibiti ƙanena ya riga ni, gwaggonta ta shimfiɗa tabarma a gefen gado, wani ya kira wani da ya san likitan da yake aiki a daren, kuma kafin asuba an kawo kunu a filas daga gida uku. Ban taɓa sanin darajar mai jinya ba sai da na ga ƙasar da ba a san shi ba.

Mun isa gab da asuba, kuma abin da na tarar ya kashe mini rabin fushina. Tambayar farko da aka yi mata ita ce ko ta yi tafiya kwanan nan, tana ambatar Najeriya aka ɗebi jininta, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, aka fara yi mata allura ta jijiya tare da ƙarin ruwa. Duk wannan an yi shi ba wanda ya ce a je a yanki kati, ko a ajiye kuɗin gado, ko a ruga kyamis a sayo sirinji da safar hannu. Tsarin lafiyarsu da aka kafa a 1948 da haraji ake tafiyar da shi, kuma ɗalibin da ya zo daga waje yana biyan fam 776 na kowace shekara tun wurin neman biza, abin da ya kamata iyayen da suke shirin turo 'ya'yansu su sa a lissafi. Da likita ta zo zagaye, sai ta dubi Ummi ta tambaye ta ko ta yarda a yi bayani a gabanmu. Ummi ta ɗago kai da ƙyar ta ce, “Baba ne da Mama, ki gaya musu komai.” Wannan tambaya ta sake sosa mini rai, ko da yake daga baya na tuna yadda a wurinmu ciwon budurwa yake zagaye unguwa kafin a sallame ta, har ya zama abin faɗa ranar da aka zo neman aurenta, sai na ga dokar tasu ba a banza aka yi ta ba.

Kada a ɗauka komai nasu daidai yake. Kwana biyu kafin ta kwanta Ummi ta kira likitan unguwarsu da ƙarfe takwas na safe, lokacin da kowa yake kira, ta daɗe a layi sannan aka ce gurbin ranar ya cika. Galibi ba a sayar da maganin zazzaɓin cizon sauro ko na kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, farasitamol ma fakiti biyu kawai kanti zai ba ka. Ta yi ta haɗiyar farasitamol ita kaɗai a ɗaki, ba ta gaya mana ba don kada hankalinmu ya tashi. Amma mu ma ya kamata mu ji kunyar ɗabi'armu ta kiran kowane zafin jiki “maleriya da taifot”, a tsaya a kyamis a haɗa wa yaro ƙwayoyi a leda ba tare da gwaji ba, sai abin ya gagara a kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Laifi mafi girma nawa ne, domin an shawarce mu mu sayi maganin rigakafi kafin tafiya, na ce jininmu ya saba da sauron gida, alhali wannan sabo yana gushewa idan mutum ya daɗe ba ya ƙasar.

Kwananta huɗu a asibiti, kuma kowane dare idan lokacin dubiya ya ƙare sai mu tattara filas da kwanoni mu koma masauki, mahaifiyarta tana waiwayen ƙofa. Ranar da aka sallame ta na roƙe ta ta rubuta wa likitan unguwarsu cewa ta yarda a riƙa magana da ni da mahaifiyarta idan irin haka ta sake faruwa, kuma ta rubuta a gabana. Tun daga lokacin nakan kira ta kullum bayan magariba, idan ta ce lafiya lau take sai in ce ta kunna bidiyo in ga idonta.