Gargaɗi ga masu son kafe resa: babur ɗaya ya sayar mana, mu uku

Jama'a, assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Kunya ce ta hana ni rubutawa, don ba ƙaramin abu ba ne mutum ya fito ya ce an yi masa wayo a kan abin da yake taƙama ya sani. Amma jiya na ga mutumin ya buɗe sabon shafi da sabon suna, hotunan dai su ne na da, har wani bawan Allah yana tambayarsa yadda ake biyan kafin alƙalami. Shi ya sa na ce shirun ya isa haka. Ba zan kama sunansa ba, maganar tana hannun hukuma, kuma ko na faɗa gobe zai sake wani. Yadda yake aikinsa zan bayyana, wanda ya karanta zai gane shi ko da wane suna ya zo.

Ga wanda bai san abin ba, kafe resa tsohon babur ne da ake cire masa duk wani nauyi marar amfani, a sauke kansa ƙasa yadda mahayi zai kwanta a kan tanki, a gajarce bayansa, a sa masa siririn wurin zama mai ɗan tozo. Ni burina shi ne Honda CB550, mai silinda huɗu, wanda aka ƙera daga 1974 zuwa 1978. Bai kai yayansa CB750 nauyi ba, kuma idan ya faɗa hannun gwani, kallonsa kaɗai ya ishi mutum. Ba ni da injin walda, ba ni da wurin aiki, sai na fara neman wanda zai samo tsohon babur ya haɗa mini daga farko har ƙarshe. A nan na haɗu da shi, a dandalin sada zumunta.

Abin da ya kama ni ba hotunan ba ne, bakinsa ne. Mutumin ya san tarihi. Ranar farko da muka yi waya, sai da ya kwashe kusan awa guda yana ba ni labarin Ace Cafe da ke kan titin North Circular a Landan, wadda aka buɗe a 1938, da yadda samarin Ingila na shekarun 1950 da 1960 suke taruwa a can da baburansu, kowa burinsa ya taɓa gudun mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160. Ya kawo zancen Triton, wanda ake ɗora injin Triumph a kan firam ɗin Norton da ake kira Featherbed, saboda ɗaya ya fi saurin inji, ɗayan ya fi riƙe hanya. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ce a raina wanda ya san wannan ba zai zama ɓarawo ba. Ban tsaya na tuna cewa duk wannan labarin kyauta yake a intanet ba.

Ya ce yana da CB550 a ajiye, ya turo hotonsa cikin ƙura da tsatsa. Ya ce in ba da rabin kuɗin aiki, saura sai an gama, wata uku aƙalla. Sunan da ke kan asusun da ya turo ba nasa ba ne. Na tambaya, ya ce, "Ranka ya daɗe, na ƙanena ne, shi ke riƙe mana lissafin gareji." Na tura. Na nemi hoton takardun babur ɗin, ya ce suna gida, gobe. Goben nan har yau ba ta zo ba.

Nan ne nake son a kula da kyau, don ba irin ɗan damfarar da ke karɓar kuɗi ya kashe waya ba ne. Da haka ya yi, da tun a satin farko na farka. Shi kowane mako sai ya turo hoto. Yau an sauke inji. Wani satin an yanke bayan firam. Bayan nan ga tanki an kankare. Yana kira na da kansa, ya tambaye ni launin da nake so, mu yi ta gardama a kan baƙi ko ruwan toka. Kuma duk hoto biyu ko uku sai wata buƙata ta biyo baya: an buɗe inji an tarar ringi ya mutu, sai an sayo, kafireta biyu sun fashe, shokazoba ta baya ba za ta yi ba. Kowace buƙata ƙarama ce, kuma kowacce ta yi kama da gaskiya, don duk wanda ya taɓa buɗe injin da ya haura shekara arba'in ya san sai an ci karo da abin da ba a zata ba. Kafin in ankara, abin da na biya ya wuce kuɗin da muka yi yarjejeniya a kai tun farko, ban ko taɓa babur ɗin da hannuna ba.

Asirinsa ya tonu ne ta hanyar da bai zata ba. Ya saka hoton injin a shafinsa, sai wani mutum ya rubuta a ƙasa cewa yana ɗokin ranar da zai hau babur ɗinsa. Cikin minti kaɗan aka goge rubutun, amma na riga na gani. Na bi mutumin ta saƙo, muka fara tura wa juna hotuna. Iri ɗaya sak. A jikin silinda ta gefen hagu akwai wani haƙarƙarin sanyaya inji da ya ɓalle, ga shi a hotona, ga shi a nasa. Shi ma ya san wani na uku. Mu uku muna ta sayen ringi da kafireta wa babur ɗaya, kowa yana zaɓar launinsa. Kuma da muka saka hotunan "ayyukan da ya gama" a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, yawancinsu na wasu magina babur ne a wasu ƙasashe, ya yanke gefen da tambarinsu yake. Binciken da bai ɗauke mu minti biyar ba, wanda da na yi shi tun farko da ban kai ga wannan rubutun ba.

Muka yi shawara kada mu nuna masa mun gano. Ɗayanmu ya ce masa zai kawo cikon kuɗi hannu da hannu, ya ba da kwatance. Muka je tare da wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan tsofaffin baburan Jafan. Garejin na nan, babur ɗin ma na nan, kuma gaskiya daga nesa ya yi kyau. Baba bai ko kalli fentin ba. Kai tsaye ya durƙusa a wuyan firam, inda kan babur yake juyawa, don a nan Honda ke buga lambarta. An lafta wa wurin fenti mai kauri. Ya haska fitilar waya ta gefe, ya shafa da yatsa, ya ce mu zo mu taɓa. Wurin ya yi ɗan kwari, alamar an goge shi da garanda, sannan aka sake buga wasu lambobi da hannu, wata ta karkace, wata ta fi 'yar'uwarta zurfi. Lambar kamfani takan zo a jere, zurfinta ɗaya. Ya duba ta inji, wadda ta fara da CB550E kamar yadda ya kamata, ita ba a taɓa ta ba.

Ku ji amsar da mutumin ya ba mu: "Haba Baba, ai a wannan sana'ar haɗe-haɗe gado ne. Triton ma injinsa daban, firam ɗinsa daban." Baba ya ɗago ya dube shi ya ce, "Yaro, wanda ya haɗa Triton bai goge lambar kowa ba." Gaskiyar kenan. A Honda na wancan zamanin, lambar firam da ta inji dama ba sa zuwa daidai da juna, wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a goge ta asali. Firam ɗin da aka goge wa lamba, ko na sata ne, ko wanda ya yi mummunan haɗari aka soke rajistarsa, ko kuma wanda ke da wata matsalar da ake son ɓoyewa. Ko wanne ne, ranar da aka tare ka a hanya kai ne mai amsa tambaya. Sannan ga wani abin da ke taimakon irin waɗannan mutane: tsarin lamba mai harafi da alƙaluma 17 da ake amfani da shi yanzu ya kankama ne daga 1981. Baburan da suka girmi wannan shekarar kowane kamfani da nasa tsarin, don haka yawancin shafukan da ake duba tarihin abin hawa ba sa karɓar lambarsu. Ido da takarda ne kawai makaminka.

Da Baba ya ci gaba da dubawa, sai na fara godiya ga Allah da babur ɗin bai zo hannuna ba. Bayan firam da aka yanke, an lanƙwasa wani bututu an manna shi baki da baki, aka ɗiga walda, aka shafe da fenti. Mai aikin kirki yakan zura ɗan guntun ƙarfe a cikin bututun biyu kafin ya yi walda, don haɗin ya samu ƙashi a ciki. Wannan kuwa babu, kuma ya yanka dab da inda shokazoba take kamawa, wurin da ke ɗaukar nauyin mahayi da dukan kowane rami. Da aka danna bayan da ƙarfi, taya ta kusa taɓa ƙasan wurin zama. Aka juya kan babur har ƙarshe, hannun ya bugi tanki, ka ga kenan a kwana mai tsanani yatsan mutum ne a tsakani.

Tayoyin an wanke su an shafa musu mai suna ƙyalli. A gefen kowace taya akwai lambar da ke nuna lokacin da aka yi ta. Daga shekarar 2000 alƙaluma huɗu ne, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Nasa alƙaluma uku ne, wato tun kafin 2000 aka yi su. Zanensu bai cinye ba, amma robar ta bushe ta zama kamar katako.

Injin da muka biya kuɗin gyaransa har sau uku, ba a taɓa buɗe shi ba. Gaskit ɗin tsoho ne, an fesa fenti a kansa har da dattin. Mun tarar ya ɗumama injin kafin mu iso, dabarar da masu sayar da mataccen inji ke yi, don inji mai zafi yakan tashi da sauƙi ya ɓoye hayaƙi da ƙara. Baba ya cire fulogi ya gwada ƙarfin matsin kowace silinda. A ƙa'ida bai kamata bambancinsu ya wuce kamar kashi goma cikin ɗari ba, amma ɗaya ta yi ƙasa sosai da sauran ukun. Mai garejin kuma ya riga ya cire akwatin iska na asali ya sa ƙananan matatun iska huɗu, waɗanda kowa ke so don kyan gani, ba tare da ya taɓa kafireta ba. Matatun nan suna barin iska ta shiga fiye da da, don haka dole a ƙara girman ramin da fetur ke bi, a kuma daidaita kafireta huɗun su yi numfashi tare. In ba a yi ba, iska ta rinjayi fetur, inji ya riƙa zafi yana shaƙewa, a hankali ya ƙone bawul. Shi dai burinsa hoto ya yi kyau.

Na zauna na yi tunanin dalilin da ya sa wannan harkar ta fi sauran sauƙin cuta. Aikin kafe resa dama yanka ne da gogewa da fenti, kuma yana ɗaukar watanni a inda mai shi ba ya gani. Duk abin da ɓarawo ke buƙata don ɓatar da kamannin babur, shi ne ainihin aikin da kai ka biya a yi. Jinkiri ba abin zargi ba ne, ƙarin kuɗi ba abin zargi ba ne, canjin kama ma shi ake nema. Kuskurena babba ɗaya ne: na haɗa sayen babur da kuɗin aiki a ciniki guda, a hannun mutum guda. Cinikin biri a sama na yi.

Da zan sake, babur ɗin zan fara saya da kaina, da tsatsarsa da komai, in ga lambar firam kafin fenti ya taɓa ta, in gwada ta da takarda, in mayar da shi sunana, in ɗauki hoton lambobin biyu. Sannan in kai wa mai haɗawa, da yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da lambobin, a riƙa biya mataki-mataki bayan na je na gani da idona. Duk kayan da aka ce an canza, a ajiye mini tsohon. Idan nisa ya hana zuwa, a kira ni ta bidiyo kai tsaye, a nuna lambar, a taɓa injin a tabbatar da sanyi yake, sannan a tayar. Masu biya ta PayPal kuma su karanta sharuɗɗansa, kariyar mai saye ba ta haɗa da babura da motoci ba. Akwai magina na gaskiya da yawa, kuma babu ɗayansu da zai ji haushin waɗannan sharuɗɗan. Wanda ya fara cewa "ba ka yarda da ni ba ne?", ka riƙe kuɗinka.

Mun kai ƙara da rasit ɗin banki da hotuna da duk saƙonninmu. An ɗauke babur ɗin ana binciken asalin firam ɗinsa. Kuɗinmu kuwa har yanzu ko kwabo bai dawo ba, shi kuma tun daga ranar ya daina ɗaga wayarmu.

A sabon shafin nasa ya sake saka hoton wancan CB550 ɗin cikin ƙura, ya rubuta cewa saura gurbi ɗaya. Ku buɗe hoton ku duba silindar hagu, za ku ga haƙarƙarin da ya ɓalle. Duk wanda ya riga ya tura masa kuɗi, kada ya goge saƙo ko ɗaya, kada kuma ya nuna masa ya gane. Ya adana shaidar biya, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, sannan ya turo mini saƙo in haɗa shi da sauran mu biyun.