Ruger, Buck Mark ko bindigar iska: amsa ga ɗan'uwanmu na Jega

Ɗan'uwanmu na Jega ya ce sha'awar harbin bara, wato wasan auna takarda da bindiga, ta kama shi tun ranar da ya ga Yusuf Dikeç, Baturken nan da ya ci azurfa a gasar Olamfik ta Paris a 2024, hannu ɗaya cikin aljihu. Tambayarsa ita ce, tsakanin Ruger Mark IV da Browning Buck Mark, ƙananan bindigogin hannu (fistol) masu cin harsashin .22, wacce ta fi dacewa da mai koyo? Malam, duka biyun na harba su a wani filin harbi mai rajista lokacin da nake karatu a ƙasar waje, zan kuma faɗa maka abin da hannuna ya shaida. Sai dai akwai ta uku da ba ka ambata ba, ita kuma nake so ka fi sa wa ido.

Harsashinsu ɗaya ne, .22 LR, wanda ya fito a Amurka tun 1887. Kaurinsa milimita 5.6, dalmarsa wajen giram 2.6. Sinadarin da ke kunna albarushin a gefen gindin kwanson yake, ba a tsakiya ba. Ga arha, ga ƙarancin ƙara, kuma bindigar ba ta tunkuɗar hannu sosai, shi ya sa ake koyo da shi. Amma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. Yana kisa, yana kuma wuce kilomita guda in bai sami abin da ya tare shi ba.

Wajen saiti, kusan kunnen doki suke. Kowacce gidan harsashinta goma yake ci, kuma a nisan mita 25 hannunka ne zai yi kuskure, ba su ba. Inda suka rabu shi ne kunama da wanki. Buck Mark, wadda ta fito a 1985, kunamarta ta fi daɗin ja tun daga kwali, tana sakin harbi tsaf ba tare da jan ƙafa ba, ƙotarta kuma ta zauna mini a tafi kamar don ni aka yi ta. Ruger kuwa gidan tsofaffi ne, tun 1949 suke wannan ƙirar, amma tsofaffin samfuransu kwance su a ɗaura aiki ne ja. A 2016 suka gyara wannan da Mark IV: maɓalli ɗaya za ka danna, sama ta rabu da ƙasa. Buck Mark sai ka nemo abin kwance sukurori, kuma in ba ka ɗaure su da kyau ba, suna saki bayan harbi, saiti ya kauce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don harsashin .22 yana da datti, kakin da ake shafa masa yana haɗuwa da toka ya yi danƙo. Ka ƙara masa ƙurar hunturu irin tamu, ka ga ke nan wadda ta fi saurin wankuwa ita za ta fi zama lafiya. Da a ce zaɓi ya rage tsakanin su biyu kawai, Ruger zan ɗauka, duk da zuciyata tana wajen kunamar Buck Mark.

To, a nan gizo ke saƙar. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa fistol da libarba, kowace iri, cikin rukunin makaman da aka haramta, ba mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Ƙanƙantar harsashi ba ta fitar da .22 daga wannan rukuni ba, kuma wanda aka kama da ita babu lasisi, shekara goma ce mafi ƙarancin ɗaurinsa. Kai ma ka san halin da Kebbi da Zamfara suke ciki da 'yan bindiga. Don Allah, duk wanda ya ce zai samo maka ta bayan gida, ka guje shi. A shingen bincike babu mai tsayawa ya ji cewa takarda kake harbi.

Abin da zai faranta maka rai shi ne, ita kanta bindigar da ka gani a hannun Yusuf ba .22 ba ce. Ta iska ce, ba albarushi. Ƙwayar dalma take jefawa mai kaurin milimita 4.5, nauyinta wajen rabin giram, a nisan mita 10, kuma tana cikin Olamfik tun 1988. Kada ka ce ta yara ce: da'irar maki goma da ke tsakiyar takardar faɗinta milimita 11.5 ne kacal, kuma harbi 60 ake yi a tsaye da hannu ɗaya. Da yake ƙwayar ba ta fita da saurin harsashi, ɗan motsin yatsa kaɗan sai ka gan shi a takarda. Ni ita ta koya mini riƙe numfashi da jan kunama a hankali, ba .22 ba. Gwangwani ɗaya ƙwaya 500 ne, ba ƙarar da za ta tayar da unguwa.

Ita ma tana buƙatar lasisi, amma na Sufeto Janar na 'yan sanda, rukuni ɗaya da bindigar farauta. A 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi, saboda haka ka fara zuwa hedikwatarsu a Birnin Kebbi ka ji inda maganar ta kwana kafin ka fitar da ko sisi.

In hanya ta buɗe, ka nemi wadda ake matsa mata iska da hannu sau ɗaya kafin kowane harbi, irin su Gamo Compact ko Baikal IZH-46M. Masu tulun iska, irin na Steyr da Morini da 'yan gasa ke riƙewa, tsadarsu ta yi wa mai koyo yawa, ga neman inda za a cika tulun. Masu aiki da ƙaramin gwangwanin gas kuwa ƙarfinsu yana sauyawa da zafin gari, abin da ka saita da asuba a watan Afrilu ba shi za ka tarar da azahar ba. Ka haɗa da tabarau na kare ido da akwatin ƙarfe mai tare ƙwaya a bayan takarda, sannan ka riƙa wanke hannu da sabulu kafin ka sa shi a tuwo, domin dalma guba ce.