Talabijin ko monita: abin da za ka duba kafin ka saya don haɗawa da kwamfuta

Mutane da yawa suna sayen talabijin mai faɗi don su haɗa shi da kwamfuta, kallo da aiki su zama a allo ɗaya. Sai a kai shi gida, a jona kebul ɗin HDMI, a ga baƙin da ke cikin hoto ya koma toka-toka, launuka sun koɗe kamar hazo ya rufe allon. Nan take sai a fara zargin mai shago ya bayar da jabu. Alhali sau da yawa talabijin ɗin lafiyarsa ƙalau, bakinsa ne bai zo ɗaya da na kwamfutar ba.

Kwamfuta tana auna kowane launi, ja da kore da shuɗi, da matakai 256, daga 0 zuwa 255. Sifili shi ne baƙi ƙirin, 255 kuma fari fat. Wannan shi ake kira Full a cikin saiti. Talabijin kuwa ya gaji ma'auninsa ne daga ƙa'idar watsa shirye-shirye ta BT.601 da aka kafa a 1982, wadda ta ajiye baƙi a 16, fari a 235, matakai 220 ke nan. Shi ne Limited. Fina-finai da tashoshin tauraron ɗan'adam duk a kansa ake shirya su.

Idan kwamfuta ta aika Limited, talabijin kuma yana jiran Full, sai ya ɗauki 16 a matsayin toka mai duhu, hoto ya dusashe. Wannan kowa yana ganewa. Kishiyarsa ce ta fi damuna, domin tana yaudarar ido. Kwamfuta ta aika Full, talabijin yana jiran Limited, sai duk abin da ke ƙasa da 16 ya dunƙule ya zama baƙi guda, duk abin da ya haura 235 ya zama fari guda. A shago hoton zai yi maka kyau, ka ce launi ya fito sosai. Amma a fim ɗin da aka ɗauka da dare fuskokin mutane za su nutse cikin duhu, ɗinkin farar riga ya ɓace. Mai gyaran hotunan biki da ke aiki da irin wannan allo zai yi ta ƙara haske a inda babu bukata, sai an buga hoton ya ga ɓarnar.

Monita ita ce zaɓi mafi sauƙi. An ƙera ta ne don Full, kuma idan ka haɗa ta da DisplayPort, wani nau'in kebul na kwamfuta, da wuya ka gamu da wannan matsala. Ta HDMI ne wani lokaci katin hoto, wato sashen kwamfuta da ke aika hoto zuwa allo, yakan zaci talabijin ce ya aika mata Limited. Ga mai zanen fosta, mai gyaran hoto, ko wanda zai wuni yana rubutu, monita nake ba da shawara ko da incinta bai kai na talabijin ba.

Idan talabijin kake so, nemi wanda zai bar ka ka zaɓi ma'aunin da hannunka. Kowane kamfani da sunan da ya ba abin. A Samsung ana ce masa HDMI Black Level, inda Normal ke nufin Full, Low kuma Limited. A LG Black Level ne, High shi ne Full, sababbinsu kuma suna rubuta Video Range. Sony da Hisense suna amfani da Dynamic Range. Akwai Auto a yawancinsu, amma ba kullum yake cankar daidai ba. A ɓangaren kwamfuta, ya danganta da kamfanin katin hotonka: Nvidia ta ajiye nata a Output dynamic range, AMD a Pixel Format, Intel a Quantization Range. Ka sa talabijin da kwamfuta duka biyun a Full, magana ta ƙare.

Ƙananan talabijin masu araha da yawa ba su da wannan saiti. Ba sai ka guje su ba idan kallo ne babban aikinka: mayar da kwamfutar Limited, hoto zai daidaita. Asarar matakai 36 ba kowane ido ke kama ta ba, sai dai a inda launi ke sauyawa sannu a hankali, kamar sararin sama. Abin da zai fi cutar da kai a irinsu shi ne rubutu. Talabijin ɗin da ba ya karɓar 4:4:4, wato cikakken launi a kowane ɗigon allo, yana taƙaita bayanin launi, sai ƙananan haruffa, musamman ja a kan shuɗi, su riƙa jagwalgwalewa. Idan kuma 4K ne, wato mai yawan ɗigon hoto sosai, ka tabbatar ramin HDMI ɗinsa 2.0 ne ko sama, domin 1.4 a hoto 30 cikin daƙiƙa yake tsayawa, motsin linzamin kwamfuta ya yi nauyi.

Kebul ba shi ke zaɓar Full ko Limited ba. Kada a sa ka ƙara kuɗi a kan mai tsada da sunan zai gyara launi.

Ranar saye, tafi da laftof ɗinka da kebul ɗinka. Ka tanadi hoton gwaji mai jerin murabba'ai masu duhu a kan baƙin shafi, daga mataki na 1 zuwa 20. Idan saitin ya dace, bayan hoton zai yi baƙi sosai, kuma za ka iya rarrabe yawancin murabba'an. Idan na hannu za ka saya, ka roƙi mai shagon ya ba ka rimot ɗin ka shiga saitin hoto da kanka, domin da yawa suna zuwa babu rimot ɗinsu na asali, kuma ba kowane na kasuwa ne yake kaiwa ga wannan saitin ba.